Tumbin Matar Kaftin

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo cewa na cika tausayin Nashwa, na ji ku. Wata har cewa ta yi ita ta kai kanta, wa ya aike ta. To 'yar'uwa, Allah ya raba ki da mijin da zai riƙa ɗora ki a sikeli kowace safiya kafin ya amsa gaisuwarki. Ku gyara zama, shafin yau ba daɗi.

*

Nashwa ta tsaya a ƙofar surukarta Hajja Ihsan, hannu ɗaya dafe da bango, tana jiran jiri ya sake ta. Bene ɗaya kacal ta sauko daga sashenta, amma har tana haki.

Ba dole ba. Tun asuba abin da ya shiga cikinta bai wuce rabin dafaffen ƙwai da ɗan kindirmo ba. A haka mijinta Medhat, mai kiran kansa Kaftin, ya ɗora ta a injin gudu, ya saita waya yana ɗauka, yana washe wa mabiyansa haƙora.

"Ku dube ta da kyau," haka yake cewa kullum. "Babu ƙwaya, babu wuƙa. Tsarin Kaftin ne kawai, lissafin kalori da gumi."

Babu wuƙa. Allah ya shirya Medhat. Wata na uku ke nan da likita ya yanke mata kusan duk tumbinta a wani asibiti a Iskandariyya, ya bar mata ɗan siririn abin da bai wuce ayaba ba, kuma shi Medhat ɗin ne ya tuƙa ta har can. Da suka dawo garinsu Mansura aka ce wa dangi matsarmama aka cire. Daga nan ta fara zubewa, shi kuma gidan motsa jikinsa ya fara cika da mata, kowace da hoton Nashwa na da da na yanzu a wayarta.

Ya sauko bayanta yana gyara rigar nan tasa mai matse damatsa.

"Miƙe mana. Kin wani langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma."

"Jiri nake ji, Medhat."

"Kaftin. A gaban mutane Kaftin."

"Ai ba kowa a nan."

"Ki saba tun daga nan. Kin san aikinki dai. Ki tsakura kaɗan, ki ce har yanzu ba kya iya cin maiƙo."

"Ka ji likita da kunnenka ranar Talata," ta ce a hankali. "Ya ce ƙarfen da kake sa ni ɗagawa ya hana ɗinkin kamewa. Ya ce tafiya kawai zan riƙa yi. In na matsa wa cikin nan, da nauyi ko da abinci, a motar asibiti za a kai ni."

"Likita abincinsa yake nema, ni ma nawa nake nema. Yi murmushi."

Ta yi murmushin. Ya danna ƙararrawa.

Abir ce ta buɗe, ƙanwar Medhat. Ta cika ƙofar da jikinta, ta dubi Nashwa daga sama har ƙasa, ta sake dubanta daga ƙasa har sama.

"Maraba da 'yar talla. Shigo a hankali, kada iska ta ɗauke ki."

Gaban Nashwa ya faɗi. Abir ba ta saba yi mata fara'a ba, yau kuwa har haƙoranta na ciki ana gani.

Abincin Juma'a a gidan Hajja Ihsan ba wanda yake tsallake shi sai wanda ya mutu. An shimfiɗa farin ƙyallen tebur na baƙi. Ga mahshi, ganyen kabeji an naɗe shi da shinkafa siri-siri kamar yatsu, an tula shi a babban tire. Ga agwagwa biyu sun sha man shanu, ga miyar lalo tana tururin tafarnuwa.

Hajja tana kan kujerarta a kan tebur. Gefe kuma Ustaz Ragab ne, mijin Abir, malamin Larabci, mutum siriri kamar sanda wanda yake cin na mutum uku ba ya nunawa.

"Barka da Juma'a, Mama."

"Barka kadai. Ina jikata?"

"Ta yi barci, Mama. In ta tashi zan sauko da ita."

"Zauna. Kin ga yadda kika koma kuwa? Masha Allah. Hannun ɗana akwai albarka."

Ragab ya riga ya yago cinyar agwagwa. Ya nuna matarsa da ƙashin.

"Ni dai hannun bai yi min albarka ba, Hajja. Wata biyu ina sayen ganye kamar mai kiwon zomo, har yanzu in ta juya a gado sai na farka."

Medhat ya kwashe da dariya.

"Ba laifin tsari ba ne, Ustaz. Kalori dubu da ɗari biyu na yanka mata. In ta bi da gaskiya dole ta sauka. Ka bincika ƙarƙashin filonta, za ka samu burodi."

"Ba na cin komai a ɓoye," Abir ta ce.

"Duk haka kuke cewa."

"Sau biyu ina faɗuwa a kan injinka, Kaftin."

"Nashwa ta taɓa faɗuwa? Ki tambaye ta. Mace ce mai zuciya. Ke kuwa bakinki ya fi ƙarfinki."

Nashwa ta sunkuyar da kai. Ta faɗi, har sau uku ma, sai dai wannan ɓangaren ba ya fita a bidiyo. Kunyar Abir take ji har cikin ƙashinta, domin ta ga matar nan tana tauna kokwamba tana hawaye a ɗakin sauya kaya, kuma ba ta ce mata komai ba.

Abir ba ta yi fushi ba. Wannan ya fi komai tsorata Nashwa. Sai ma ta miƙe, ta ɗauko babban faranti, irin wanda ake zuba wa maza.

"Yau ni zan zuba wa matar yayana."

Ta fara lodi. Mahshi ta jera shi hawa-hawa, ta ɗora ƙirjin agwagwa da fatarsa, ta kwarara miya a gefe. Ta dire farantin a gaban Nashwa, ta buɗe lemon kwalba mai gas ta tsiyaya mata har yana kumfa.

"Abir, ya yi yawa. Kin san kalorina na yau..."

"Wane kalori? Yau Juma'a." Ta juya ga yayanta. "Ko ba haka ka koya mana ba, Kaftin? Kwana shida a ɗaure, Juma'a a sake. Ka ce ranar nan mutum ya ci duk abin da ransa yake so don jiki ya farfaɗo. Har a bango ka rubuta."

Medhat ya gyara zama.

"Haka ne. Amma ita kin san matsarmama."

"Na sani mana. Ka manta ni ma an cire min tawa? Mako uku da aikin na ci agwagwa a teburin nan. Mama, ƙarya nake?"

"Kin ci," Hajja ta ce, ba ta ɗago daga farantinta ba.

"Ita wata uku. Sha lemon, Nashwa. Ke da kike shan uku a zaune."

"Ba na jin ƙishi."

"Ba kya jin ƙishi. Na lura. Tun da kuka dawo daga Iskandariyya ba ki ƙara haɗa ruwa da abinci ba. Sai kin gama da daɗewa ki riƙa tsotsa kamar tsuntsu. Cokali huɗu, ki ajiye. Kowace Juma'a cokali huɗu."

"Ke kuma aikin da kika samu ke nan, ƙirga lomar mutane?" Medhat ya ce.

"Kai ka koya min ƙirga."

Ragab ya rage tauna. Ya fara gane yau akwai abin da ya fi agwagwa.

Abir ta zauna, ta haɗa hannuwanta a kan tebur.

"Ranar Laraba na shiga ɗakin sauya kaya ba ta ji ni ba. Na ga cikinta. Nawa tabon a dama yake, ƙarƙashin haƙarƙari, kowa ya san nan matsarmama take. Nata sun jeru saman cibiya har sun ratsa hagu. Yaya, me matsarmama take yi a hagu?"

Nashwa ta ji zufa tana bin bayanta.

"Yanke mata tumbi aka yi," Abir ta ce. "Irin wanda matar mai kantin magani ta yi. Ka kai ta an yanke, ka dawo kana sayar wa matan unguwa gumi. Ni kuma ka mayar da ni abin misali, kullum ka kira ni gaban mata ka ce ku dubi wadda ba ta da zuciya."

"Hassada ce take cin ki."

"Yunwa ce take ci na."

"Ustaz, ka ja wa matarka kunne."

Ragab ya goge baki. "Ni dai tambaya na ji an yi, Kaftin. Ban ji amsa ba."

Jijiyar wuyan Medhat ta tashi. Duk wanda ya san shi ya san a duniya ba abin da ya tsana kamar a ƙure shi gaban namiji. Ya dubi farantin, ya dubi matarsa. Nashwa ta ga abin yana tahowa a idonsa, ta girgiza masa kai kaɗan, roƙo take yi ba da baki ba.

Bai ko kula ba. Ya daki tebur da tafin hannu.

"Sakin matata ya hau kaina in ba ta cinye farantin nan tas ba kafin ta tashi daga kujerar nan. Sai ki ga ko an yanke."

Cokalin Hajja ya tsaya a hanya.

Rantsuwa da saki a gidan nan ba baƙuwa ba ce. Marigayi mijin Hajja da ita yake tilasta wa baƙo ƙarin shayi, da ita yake hana aboki biyan kuɗin mota. Sai dai marigayin ya san inda yake sa bakinsa, ɗansa kuwa bai sani ba. Igiya biyu ya riga ya tsinka. Ta farko bayan haihuwar 'yarsu Salma, ranar da ya ce ba zai iya fita da buhu ba. Ta biyu da ya rantse kada ta je duba mahaifiyarta a asibiti, ta je, kuma ba ta yi nadama ba don a makon tsohuwar ta rasu. Saura ɗaya. In ta tsinke aure ya ƙare babu kome, kuma Hajja ta sha faɗa a gaban kowa cewa mace tana iya fita daga gidan nan, amma jikarta ba ta taka ko'ina.

Ragab ya ɗaga hannu biyu.

"A'a, a'a. Ka yi salati, Kaftin. Wannan rantsuwar baki ce. In nufinka ka matsa mata ta ci ne kawai, ba rabuwa ba, to da sauƙi. Ka ce haka kake nufi, a wuce wurin."

Ƙofa ce a buɗe, ko makaho zai gan ta. Nashwa ta zuba wa bakin mijinta ido.

Abir ta yi 'yar dariya. "Ka ji, Yaya. An samo maka hanyar gudu."

Ita ma fa Abir Allah ya shirye ta. Da ta yi shiru na minti ɗaya da an tsira.

"Ni zan gudu?" Medhat ya ce. "Ustaz, ka zama shaida. Da niyya na faɗa. Saki nake nufi."

Ragab ya sauke hannuwansa. "Innalillahi. To ka ɗaure ta, ka ɗaure kanka."

Medhat ya jawo kujerarsa kusa da ta Nashwa, ya ɗora hannu a kafaɗarta kamar mai lallashi, yatsunsa kuwa har ƙashi suke kaiwa.

"Bismillah, Ummu Salma. Nuna musu."

"Medhat," ta ce ƙasa-ƙasa, "ka san..."

"Na san kina son 'yarki. Ci."

Ta ɗauki mahshi ɗaya. Ta tauna shi har ya zama ruwa, yadda aka koya mata, ta haɗiye. Na biyu ma ya wuce. A na huɗu ta ji ƙoshi ya tokare mata ƙirji, wurin da kullum take tsayawa. Ta dubi farantin, ko alamar an taɓa shi babu.

Ta ci na biyar. Ta ci na shida.

Wani abu ya tsaya mata a ƙasan ƙirji kamar ta haɗiyi dutse. Yawu ya fara taruwa a bakinta. Ta riƙe bakin tebur.

"Kora da lemo," Abir ta ce, amma muryarta ta ɗan sauka.

"Ba ya cikin rantsuwa," Ragab ya yi saurin cewa. "Faranti ya ce."

"Agwagwar fa?" Hajja ta tambaya. "Tun jiya nake fama da ita. A ci da zafinta."

Nashwa ta yagi tsoka. Maiƙon yana taɓa harshenta zuciyarta ta hau bugu, zufa ta keto mata daga goshi, ta ji wani suka ya ratsa daga cikinta ya hau kafaɗar hagu. Likita ya ambaci wannan sukan da sunansa. Ya ce in ta ji shi kada ta jira gari ya waye.

"Kin gani?" Medhat ya ce wa ƙanwarsa. "Tana ci. Wanda aka yanke wa tumbi yana ci haka?"

"Dubi fuskarta, Yaya."

"Yaji ne."

Abir ta matso da kujerarta. Ta zo ne don ta ga yayanta ya ji kunya, ba ta yi lissafin cikin wa za a biya kunyar da shi ba.

"Nashwa, ki faɗi gaskiya kawai ki huta. Ki ce an yanke. Kalma ɗaya."

"In na faɗa," Nashwa ta ce da ƙyar, "farantin zai ragu?"

Abir ta dubi tulin da ta zuba da hannunta.

Sai a lokacin Hajja Ihsan ta ajiye cokali. Ta zari tsumma ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ke Abir, kin ishe ni da hayaniya. An yanke. Sai me?"

Kowa ya juyo.

"Mama?"

"An yanke na ce. Wa kike zaton ya samo likitan? Ɗan ƙawata ne. Ni na ce wa yayanki, mai gidan motsa jiki ba ya zama da mace kamar randa, mutane dariya suke yi masa. Ni na ce a ce matsarmama."

Medhat ya kawar da kai.

Abir ta miƙe tsaye a hankali. "Kin sani. Kina kallo ina cin ganye. Ranar da aka kawo ni gida a sume ke kika shafa min ruwa, Mama. Kin sani ba ki gaya min ba."

"In gaya miki ki gaya wa duk Mansura? Bakinki ba ya riƙe ruwa. Da me kike so yayanki ya ci abinci?"

"To ni me ya sa ba a kai ni ba? In wuƙar ce magani, me ya sa ni aka bar ni da kokwamba?"

Hajja ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta.

"Kin haukace? Ana mutuwa a aikin nan. 'Yar maƙwabciyar ƙanwata a kan teburin likita ta tafi. In ɗauki 'yar cikina in kai a yanka?"

Maganar ta faɗo tsakiyar tebur ta zauna. Hajja ba ta ma san ta faɗi wani abu ba, ta jawo kwanon miya tana ƙarawa.

Nashwa ta daina tauna. Shekara tara tana kiran matar nan Mama. Ita ta yi jinyarta da ta karye a ƙugu, ita take yanke mata farcen ƙafa. Daren da za a tafi Iskandariyya Hajja ta rungume ta a bakin mota ta ce Allah ya kai lafiya 'yata, ita kuma ta yi ta jin nauyin ƙaryar da take yi wa tsohuwa. Baƙin cikin da ya taso mata ya fi ciwon cikin zafi.

Amma ta haɗiye shi, don wani ɗan fata ya ɗarsu a ranta. Ta juya ga Ragab.

"Ustaz, tunda kowa ya sani yanzu, ai ba sauran abin da za a nuna. Rantsuwar ta warware ko?"

Ragab ya kasa haɗa ido da ita.

"Bai ce in Abir ta yarda ba, Ummu Salma. Cewa ya yi in ba ki cinye ba. Kuma na tambaye shi niyya a gaban kowa."

"Ba zai iya janyewa ba?"

"Ta riga ta fita."

Ta juya ga mijinta. Ko ba komai ta so ta ga nadama, ko 'yar kaɗan. Abin da ta gani haushi ne, haushin mutumin da aka ɓata wa rana.

"Duk ke kika ja," ya ce. "Da kin rufe ƙofa in za ki sauya kaya da ba a kai nan ba. Ci ki gama mu tashi."

"Medhat, kafaɗata tana suka. Irin wanda likita ya ce."

"Kin fara ke nan."

"Ki ci a hankali, ba mai korarki," Hajja ta ce cikin muryar lallashi. "Rantsuwar ba ta ce ƙarfe nawa ba. Ko magariba za mu kai, muna nan."

"Amai nake ji, Mama."

"Kada ki tashi fa. Kujera ya ce. Abir, ɗauko mata robar wanke-wanke. In ya taso ta zubar a nan, sai wuri ya samu ta ci gaba."

"Mama, ki ji tsoron Allah," Abir ta ce.

"Ke kika zuba farantin, ba ni ba. Da kin san tsoron Allah da kin rage hannu. Ɗauko robar."

Abir ba ta motsa ba. Hajja ta yi tsaki, ta tashi da kanta tana dafa ƙugu, ta dawo da robar ta ajiye a cinyar Nashwa. Har da ɗan tawul ta ɗora mata a kai.

Nashwa ta dubi robar. Shuɗiya ce, bakinta ya tsage, a ciki ake jiƙa tsummokaran goge ƙasa.

Medhat ya ɗauki mahshi da hannunsa ya kai bakinta.

"Buɗe."

Ta buɗe. Ta tauna, hawaye yana gangarowa yana shiga gefen bakinta. Ta yi ƙoƙarin haɗiyewa, maƙogwaro ya ƙi. Ta sake gwadawa. Ciwon ya murɗa ta har ta ga teburin ya rabu biyu.

"Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ki ci ba," ya ce a kunnenta. "Ki tuna Salma."

Ita ɗin take tunawa. Tun ɗazu ita take tunawa. Sai dai yanzu wata tambaya ta shigo mata wadda ba ta taɓa yi wa kanta ba: in aka fitar da ita daga gidan nan a motar asibiti ba ta dawo ba, wa zai raini yarinyar? Salma mai kumatu, wadda tun yanzu ubanta yake matsa mata ciki yana cewa ta gado uwarta. Ta dubi Abir da ke tsaye tana kuka ba sauti, ta ga abin da gidan nan yake yi da 'yarsa ta ciki.

Ta tofar da lomar a cikin robar. Ta goge baki da tawul, ta ninke shi.

"Ɗauki wani," Medhat ya ce.

Ta kama farantin da hannu biyu. Ya ɗauka matso da shi za ta yi, har ya sassauta yatsunsa. Ta ɗaga shi, ta kife a kan farin ƙyallen Hajja. Miyar lalo ta malala tana bin tebur har ta ɗiga a wandonsa.



Ta dafa tebur ta ɗaga jikinta daga kujerar. Bai fi taƙi ɗaya ta tashi ba ƙafafunta suka ƙi, ta koma ta zauna. Amma kowa ya ga ta tashi.

"Ustaz," ta ce, numfashinta yana yankewa. "Kai ne mai karatu. Sakin ya faɗa?"

"Ba ta tashi ba," Medhat ya ce da sauri. Ya damƙi damtsenta. "Zamewa ta yi. A kwashe a mayar, ƙyallen ai mai tsabta ne. Mama, kawo cokali a kwashe."

Ragab ya miƙe. Mutumin da ya shigo gidan yana yi wa matarsa dariya da ƙashin agwagwa, yanzu fuskarsa ba annuri.

"Sake mata hannu, Kaftin."

"Matata ce."

"Sake ta. Ta haramta gare ka."

Hannun ya sauka a hankali. Inda yatsunsa suka kama ya yi fari, sannan ya fara ja.

Hajja Ihsan ta daɗe tana kallon ƙyallenta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

"To shi ke nan. An huta." Ta miƙa hannu ta tsame ƙirjin agwagwar daga cikin miyar ta mayar tire. "Abir, hau sama ki ɗauko min jikata. Ki rufe sashen, ki kawo min makullin."

"Mama, asibiti za a kai ta," Ragab ya ce.

"Danginta su kai ta. Abir, da ke nake."

Nashwa ta sake yunƙurawa, ciwon ya danne ta a kujera. Ta ɗago ido ta nemi na Abir. Ba ta da sauran murya, leɓɓanta kawai suka motsa da sunan yarinyar.

Abir ta kalli uwarta. Ta kalli Nashwa. Ta share fuska da bayan hannu, ta nufi matakala.